Foldar da Almu Ya Bari a Buɗe

Kwana tara ne tsakanin haihuwar Almu da ta Muzammilu a garin Gatawa. Bawa, mahaifin Almu, shi ne wan Kadijatu, mahaifiyar Muzammilu, don haka yaran taubasai ne, kuma Almu ne ya riga zuwa duniya. In ka zauna da Almu hira ta yi daɗi, da bakinsa zai faɗa maka cewa daga kwana taran nan bai ƙara shiga gaban Muzammilu a komai ba.

Tare aka kai su makarantar allo ta Malam Jibrilla, wani dattijo mai sanyin murya wanda rabin garin suka yi karatu a zaurensa. Almu sai ya kwana uku yana fama da allo ɗaya kafin ya wanke. Muzammilu kuwa sau biyu za a biya masa, ya tafi wasansa, gobe ya kawo hadda ba gargada. Malam yakan dafa kan Almu ya ce, "Wanga yaro akwai haƙuri." Tun yana ƙarami Almu ya gane cewa wanda ba a samu abin yabo a kansa ba shi ake yaba wa haƙuri, ko dai haka ya ɗauka, kuma maganar ta zauna masa.

Da suka gama sakandare duka biyun suka samu gurbin karatu a Sakkwato. A daminar shekarar ce ɓarin jikin Bawa ya shanye, ga gero ya fara kai, ga ƙanne biyar. Ba wanda ya ce wa Almu ya zauna, amma ba wanda ya ce masa ya tafi. Ya ɗauki hauya. Muzammilu ya hau mota, ya je ya karanci kwamfuta, ya samu aiki a wani kamfani. Duk sallah sai ya dawo cikin shadda mai maiƙo, da jakar kwamfuta a kafaɗa, ya tarar da Almu a ƙofar gida ya ce, "Ubangidana, yaya gona?" Almu ya ce, "Ɗan mace, yaya zaman kujera?" A yi dariya, don wasan taubasai ne. Sai dai dariyar Almu ba ta wuce haƙoransa.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa Gatawa lamba har noma ya gagara, Almu ya kwashi mahaifiyarsa da matarsa Sadiƙa da 'ya'yansu suka koma Sabon Birni. Mahaifinsa ya riga ya rasu. Ya kama wani ɗan shago kusa da tasha, ya ɗora faifan sola a kan rufi, ya fara cajin waya da tura wa mutane wa'azi a memori. Daga baya ya sayi tsohuwar kwamfuta wadda sai an tokare murfinta da bulo take tsayawa, yana buga wa mutane takardu yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da tasha ke yin tsit, sai ya buɗe waya yana kallon darussan haɗa shafin intanet, ya tsayar, ya kwafa a littafi, ya gwada. Shekara huɗu yana wannan ba malami. Har aka fara kiransa Almu Kwamfuta, sunan da ke yi masa daɗi sai in wani ya ƙara da cewa, "Ashe abin a jininku yake, kai ma ka biyo Muzammilu."

Wata ranar Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Malama Mu'minatu ce, 'yar marigayi Malam Jibrilla, wadda ke koyarwa a wata Islamiyya a Isa inda take aure. Bayan gaisuwa ta faɗa masa abin da ke tafe da ita. Ranar da suka bar Gatawa, cikin abin da ta iya ɗauka har da buhu guda na kaset-kaset, karatun tafsiri da na fiƙihu da mahaifinta ya yi shekara ashirin yana bayarwa, almajirai suna ɗauka a rikoda. Sun haura ɗari biyu, kuma wasu sun fara cin zare.

"Mutanenmu sun watse, Malam Almu," in ji ta. "Wasu na Sakkwato, wasu na Maraɗi, wasu har kudu. Kowa kira shikai shina tambayar karatun Malam. So nike a aje shi wuri guda inda kowa ka iya ji da waya tai. Na so in kira Muzammilu, sai nic ce kai ka kusa."

Almu ya ji maganar ƙarshen nan har cikin ƙirjinsa. Wato kusa ce ta sa aka neme shi. Ya ce, "Malama, ba sai an kira kowa ba. Za ni yi shi, in sha Allahu."

Da hanyar Isa zuwa Sabon Birni lafiya take, da sai a ɗoro buhun a mota. Amma a lokacin mutum ba ya bin ta sai da dalili mai ƙarfi, kuma Malama ba za ta yarda buhun ya bar ɗakinta ba. Sai suka shirya cewa ita za ta riƙa kunna kaset a rediyo tana ɗauka da waya, ta tura ta wani shafi da Almu zai haɗa. Almu ya kama hayar wuri a saba, wato babbar kwamfutar da ke can wata ƙasa wadda shafuka ke zama a kanta. Ya rubuta umarnin da zai yi aiki biyu: in sauti ya iso, ya ajiye shi a wata folda, sannan ya kira wata manhaja daban da ke kan sabar ta matse sautin ya zama ƙarami, don mai data kaɗan ma ya iya saurare.

Ya gwada da hannunsa, yana cikin sabar da sunansa da kalmar sirrinsa, abu ya tafi sumul. Ya koma gida yana fara'a har Sadiƙa ta tambaye shi ko an yi masa albishir ne. Washegari Malama ta tura kaset na farko. Shafi ya yi ta juyawa, can sai ya fito da layi ɗaya na Turanci mai cewa an hana izini.

Mako uku Almu yana kan layin nan. In ya yi da kansa, ya yi. In aka turo ta shafi, ya ƙi. Ya goge umarnin ya sake rubutawa sau ba adadi. Ga sabis ɗin waya da ke zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci sai ya fita bayan gari inda ake kamo na Nijar. Malama ba ta taɓa yi masa gorin jinkiri ba, sai dai duk Juma'a ta kira ta ce, "Ya aiki, Malam Almu?" Wannan tambayar ta fi masa zagi ciwo.

Sadiƙa ce ta gaji da ganinsa yana juya tuwo a kwano. Ta ce, "Baban Fatu, mi zai hana ka kira ɗan'uwanka? Ai ba baƙo ba ne."

"Ko za ni shekara a kai, ba ni kiran shi."

"To girman kai dai rawanin tsiya ne."

Akwai wani zaure a waya inda masu wannan sana'a daga ko'ina a Arewa ke taimakon juna, kuma Almu ya san Muzammilu na cikin manyansa. Shi ya sa bai taɓa shiga ba. Ranar nan da safe, Sadiƙa na wanke-wanke, ya ɗauki wayarta ya shiga zauren da lambarta, ya sa wa kansa suna Usaini, ya rubuta matsalarsa. Ba a jima ba wani ya amsa: ya buɗe foldar ga kowa da kowa, kowa ya iya karantawa ya iya rubutawa a ciki, nan take za ta yi. Minti kaɗan sai ga amsar Muzammilu a ƙasa, doguwa. Ya ce kada a kuskura a yi haka, don tamkar cire ƙyauren shago ne saboda makulli ya yi tauri, sannan ya fara bayanin hanyar da ta dace. Mutane suka yi ta jera masa godiya da "Allah ya ƙara basira, Injiniya."

Almu bai karanta bayanin har ƙarshe ba. Kalmar Injiniya ce ta tsaya masa a rai. Ya ce a ransa, kullum sai ya nuna ya fi kowa, abin da za a yi a layi ɗaya sai ya mai da shi huɗuba. Ya je shago ya buɗe foldar ga kowa. Matsewar sautin ta ci gaba da ƙi, sai ya riƙa shiga yana yi da hannu, amma dai kaset ya fara sauka. Ya kira Malama ta gwada, ta kira shi tana hamdala.

Da ya koma gida cin abincin rana ya tarar da Sadiƙa tana jiransa da waya a hannu.

"Muzammilu ya kira ni," in ji ta. "Yac ce, 'Sadiƙa, yaushe kika zama Usaini, har kina rubuta umarnin saba?' Dariya shikai har da tari. Yac ce in gaya ma maigidan nau, don Allah kada ya bi shawarar farko."

Almu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya manta cewa lambar Sadiƙa na wayar duk wani ɗan dangi. Ya ce, "Ki ce mishi aiki ya riga ya yi, ba da shawara tai ba."

Kwana goma sha biyu Almu ya yi yana tafiya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Kaset talatin suka hau. Mutanen Gatawa da ke Sabon Birni suka riƙa tsayawa a shagonsa suna sa masa albarka. Wata tsohuwa ta zauna a bencinsa ta ji muryar Malam tana fitowa daga waya, ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Almu bai taɓa jin ya kai mutum irin na kwanakin nan ba, kuma duk wanda ya yaba masa sai ya so a ce Muzammilu na tsaye yana ji.

Rana ta goma sha uku, yana buɗe shago, Malama ta kira. Muryarta ba yadda ya saba ji ba.

"Malam Almu, ka duba shahin nan yau?"

Ya buɗa. Sunan Malam Jibrilla na nan a sama, amma a ƙarƙashinsa tallar caca ce ke walƙiya, da hotunan mata waɗanda ba a kallo a gaban mutane. Wani da ba a san ko waye ba, ko a wace ƙasa yake, ya tarar da folda a buɗe, ya cusa nasa umarnin ta hanyar da ake turo kaset, ya mai da shafin nasa.

"Mijina ne ya gani," in ji Malama. "Wani abokinai ya turo mai daga Sakkwato. Sunan mahaihina ne a wurin, Malam Almu." Ta kashe wayar.

Almu ya sauke shafin gaba ɗaya, ya ja ƙofar shago ya zauna ciki. Masu karɓar caji suna ƙwanƙwasawa yana miƙo musu ta taga. Sai da aka kira azahar ya yi salla, sannan ya nemo lambar da ya fi shekara bai danna ba.

"Ubangidana!" in ji Muzammilu. "Ko Usaini za ni ce?"

"Ba wasa ya sa na kira ka ba."

Muzammilu ya ji muryar, ya bar dariya. Ya ce ya riga ya gani, tun safe yake jiran kiran. Ya nemi Almu ya buɗe kwamfuta, su yi tare, shi yana faɗa Almu na bugawa. Da farko suka share duk abin da ɓarawon ya shuka, suka tabbatar kaset talatin ɗin na nan lafiya. Sannan ya yi masa bayani.

"In kai ka shiga da sunanka, saba ta san ka, kai ne mai gida, kowane ɗaki buɗe shike gare ka. Amma in Malama ta turo ta shafi, ba kai ka aikin ba. Wani ma'aikaci ne na sabar, da nashi suna daban, kuma ba ka ba shi makullin ɗakin ba. Shi ɗai za ka ba, ba duniya duka ba. Kuma ɗakin ajiyar ka hid da shi daga inda jama'a ka iya kaiwa."

"To manhajar da ta ƙi tashi fa?"

"Shi ma'aikacin bai san inda take ba. Kai ka sani, shi baƙo ne. Rubuta mishi cikakken adireshinta tun daga tushe. Kuma kada ka miƙa mata sunan fayil yadda anka turo shi, ka sake mishi suna da kanka, don ta nan ɓarayi ka shigowa."

Almu ya buga. Duka gyaran bai kai layi goma ba. Ya tura wani ɗan sauti ta shafi don gwaji, ya ga ya sauka a folda, ya ga manhajar ta tashi da kanta ta matse shi. Abin da ya hana shi sukuni mako uku ya ƙare kafin la'asar. Ya zauna yana kallon allon, kuma maimakon sanyi sai ya ji wani ɗaci na taso masa. Da abin ya yi wuya, da sun kwana biyu suna fama, da ya fi masa sauƙin haɗiya.

"Amma tsakani da Allah," in ji Muzammilu, "sauran aikin ya yi kyau. Wa ya koya maka?"

"Ba kowa."

"Wallahi akwai waɗanda munka gama makaranta tare da ba su iya rubuta wanga."

Almu ya san gaskiya yake faɗa, don Muzammilu ba ya yabon ƙarya. Duk da haka abin da kunnensa ya jiyo shi ne babba na shafa kan yaro. Ya ce, "Na gode," a gajarce, ya ce ana jiransa, ya ajiye waya.

Ya kira Malama ya ba ta haƙuri, bai ɓoye mata komai ba, har da cewa an gargaɗe shi bai ji ba. Ta ce Allah ya kiyaye gaba, gobe za ta turo na talatin da ɗaya. Ita ba ta kai maganar ko'ina ba. Amma Gwaggo Kadijatu, wadda ɗanta ya ba ta labari cikin raha, ta ba maƙwabciyarta, kafin mako ya zagayo duk wani ɗan Gatawa ya ji cewa Almu ya ɓata shafin Malam, Muzammilu ya gyara daga Sakkwato ko tashi daga kujera bai yi ba. Daga nan labarin ya ƙara tsawo, ya koma Muzammilu ne ya haɗa shafin tun farko.

Wata bakwai aka ɗauka kafin kaset na ƙarshe ya hau. Almu ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saurare, yana rubuta surar da aka fassara da babin da aka karanta, yana gyara waɗanda rediyo ya ja muryarsu. Da aka gama, Islamiyyar su Malama ta haɗa walima a Isa. Almu bai samu zuwa ba saboda hanya, amma an turo masa sautin taron. Malama ta ba da takarda a karanta, kuma a takardar sunansa ne farko. Sai dai mai gabatarwa ya ga Injiniya ya fi daɗin faɗa a lasifika, ya ce, "Muna godiya ga Injiniya Muzammilu, da kuma ɗan'uwanai Almu da ya taimaka." Almu ya mayar da wurin baya ya sake ji har sau huɗu. Sadiƙa ta karɓe wayar daga hannunsa ta ce abinci na hucewa.

Muzammilu da ya ji, shi da kansa ya rubuta a zauren 'yan Gatawa na waya cewa aikin na Almu ne, shi layi goma kawai ya sa. Mutane suka ce kai, dubi tawali'u irin na Injiniya. Ko wannan ma sai ya zama nasa. Bayan sallah ya kira Almu ya ce kamfaninsu na neman mai kula da shafuka, in yana so zai yi masa magana. Almu ya yi kwana biyu yana juya abin, don yana so ƙwarai, amma da ya tuna kullum za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda Muzammilu ya kawo, sai ya ce mahaifiyarsa ta tsufa ba zai iya nisa ba. Sadiƙa ta yi kwana uku ba ta yi masa doguwar magana ba.

Yau Almu na da shekara talatin da takwas, yana nan a shagonsa na bakin tasha. Shi ke kula da shafin har yanzu, kowace safiya sai ya leƙa ya ga komai na daidai kafin ya karɓi cajin kowa. Ya haɗa wa wasu makarantu biyu irinsa, kuma ɓarawo bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Lambarsa ce a ƙasan shafin don mai neman wani karatu.

Kwanan baya wani dattijo ɗan Kurawa da ke zaune a Maraɗi ya kira lambar. Ya ce yana neman karatun da Malam ya yi na Suratu Yusuf a azumin shekarar da aka yi ambaliya, don yana wurin ranar, a sahun gaba. Almu ya san kaset ɗin, na tamanin da shida ne, ya ce yanzu zai turo masa. Dattijon ya yi ta zuba addu'a, Allah ya yi albarka, Allah ya ba da zuriya ɗayyiba. Can ya ce, "Kai ne Muzammilun da aka faɗi ko, ɗana?"

Almu ya ce, "A'a, Baba. Almu ne, ɗan Bawa na Gatawa."

"To, to. Ka gai da shi in kun haɗu."

Almu ya ce zai ji. Ya nemo karatun ya tura, ya jira har ya ga alamar ya isa. Sannan ya tashi ya fita ya goge ƙurar faifan sola, duk da cewa da safe ya goge shi.